Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da aka fara ce mini Shef

Makon jiya mun tsaya inda ubangidana ya tattara ya koma Yamai, ya bar mini kayan kiɗa, da mutum biyar, da bashin mai sono, wato mai ba da hayar lasifika. Ranar da ya tafi, kafin la'asar yaran sun fara ce mini Shef, wato shugaba. Da farko cikin zolaya suke faɗa, suna ƙunshe dariya. Ni ma dariyar nake yi, don ban san abin da ke cikin sunan ba tukuna.

Shekara tara ina busa sakso a bayan mutum. Aikina in zo da wuri, in jiƙa ɗan karan bakin sakso da miyau, in jira a ɗaga mini kai in shiga. In an tashi a miƙo mini rabona in sa aljihu, in bi ta wurin mai tsire. Ban taɓa tambayar wa ya biya amalanken da ya kawo kaya ba.

Bikin farko da na karɓa da bakina a unguwar Zariya ta nan Maradi ne, jikka 60 na sefa muka yi ciniki. A hanyar komawa gida ina ta murna, har na fara hango sabon moto. Da daddare bayan biki na zauna da bik da bayan kwalin sukari. Hayar sono jikka 15. Gurup da mansa jikka 8, don wuta ta ɗauke tun kafin amarya ta fito. Ɗaukar kaya zuwa da dawowa, abincin yara, mikiro ɗaya da wani ɗan rawa ya taka. Da na raba abin da ya saura gida shida, sai na ga nawa bai kai abin da nake samu lokacin ina yaron wani ba. Ga kuɗin liƙi kuma, wanda shi ne uwar rigima. Mai waƙa ya ce a goshinsa aka manna, don haka nasa ne. Mai ganga ya ce in ba don hannunsa ba wa zai taso daga kujera? Aka yi ta yi har aka kira sallar asuba a masallacin bayanmu, kowa ya tafi yana ƙunƙuni.

A wannan halin na fara yawan zuwa wurin Mushe. Tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, gidansa can wajen Bagalam, kuma a iya sanina shi kaɗai ne a garin nan yake da akwati guda cike da kaset da faifan jaz. Mutanen unguwa suna cewa kiɗan da yake ji kamar an zubo kwanoni daga saman soro. Bai damu ba. Zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗora shayi, ya kunna, ya ɗaga yatsa kada kowa ya yi tari.

Ni da na je neman dabarar busa ne, sai na tarar shi hankalinsa yana kan wani abu dabam. Kowane faifai ya ɗauko, sai ya juya bayansa ya karanto mini sunayen da aka rubuta da ƙananan haruffa, wane ne a piyano, wane ne a ganga, wa ya ɗauke shi aiki, daga hannun wa ya fito. Kamar mai karanto asalin sarakunan Katsina. Ya ce a kiɗan jaz kusan duk wanda ka ga sunansa da manyan haruffa, ya daɗe a cikin ƙananan. Herbie Hancock mai piyano yana da shekara 23 Miles Davis, shahararren mai busa, ya ɗauke shi a 1963, mai gangarsu Tony Williams kuwa 17 gare shi. Hancock ya yi shekara biyar a nan kafin ya kafa tasa tawagar, kuma har yanzu yana bayar da labarin daren da ya danna muryar da ba ita ba a tsakiyar busar Miles. Ya zaci ya ɓata komai. Miles ya ɗan yi jim, sai ya busa abin da ya sa kuskuren ya zauna daram kamar da gangan aka yi. Mushe ya gama ba ni labarin, ya kurɓi shayi, ya ce, "Kai kuma na ji an ce in yaro ya kuskure, sai ka juyo ka zare masa ido a gaban mata."

Gaskiya ya faɗa. Kuma yaron da na fi zare wa ido shi ne wanda ya fi kowa cikinmu.

Auta muke ce masa, don shi ne ƙarami. Ɗan wani tela ne a bakin babbar kasuwa. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara maƙale mana, yana naɗe waya, yana ɗauko ruwa. Wata rana na dawo daga salla na same shi da jitar mai jitarmu a cinya, yana fitar da zuma irin ta gurmi da yatsa biyu, abin da ba wanda ya koya masa. Ni na je na durƙusa gaban mahaifinsa har sau uku kafin ya yarda, don a Maradi ba kowane uba ne zai so a ce ɗansa makaɗi ne ba, balle a gidan da ake da sana'ar hannu. Ni na saya masa jita ta hannu, jikka 35, daga wani da ya kawo ta daga Kano. In tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke muke warwarewa mu ɗaura kafin a samu mai zuwa Yamai. Da ya kai goma sha bakwai, in muka je biki, mata ba ni suke kallo ba. Ina jin daɗi, ina kuma jin wani abu yana sukata a ƙirji. Yau da furfura a kaina zan iya faɗin sunansa, kishi ne.

To, bayan ƙaramar salla wasu makaɗa suka zo daga Yamai yin wasa, suka ji shi, suka yi masa magana a ɓoye. Albashin wata, ɗakin kwana, har da zancen fita waje. Kwana uku yana kewaye-kewaye kafin ya same ni ina fere ɗan karan sakso da reza, don na ƙarshe ke nan gare ni kuma ba a sayar da shi a garin. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Shef, wata magana ce."

"Na ji ta tun shekaranjiya," na ce, ban ɗago ba. "Ajiye jitar nan ka tafi. Da kuɗina na saya."

Ya jingine ta da bango a hankali, ya goge wuyanta da hannun riga kamar yadda ya saba, ya fita.

Da magariba na tafi wurin Mushe ina huci, ina jiran ya taya ni zagin butulu. Ya bar ni na zazzage duka. Sannan ya tashi ya daɗe yana tonon akwati, ya fito da wani faifai mai hoton baƙin mutum a bayan ganguna, baki buɗe, gumi na zuba.

"Ɗana, ka san wannan? Art Blakey. Ya musulunta har ya ɗauki suna Abdullah ibn Buhaina. Wajen shekara 35 yana riƙe da tawaga ɗaya, Jazz Messengers, har ya rasu a 1990. Ka ƙirga mini waɗanda suka bar shi."

Ya shiga lissafi da yatsu. Lee Morgan. Freddie Hubbard. Wayne Shorter, wanda ya yi shekara biyar yana busa masa yana tsara masa kiɗa, a 1964 ya koma wurin Miles. Wynton Marsalis ya zo masa a 1980 bai cika ashirin ba, a 1982 ya tafi ya kafa tasa, Terence Blanchard ya maye gurbinsa, shi ma daga baya ya tafi. Marsalis ɗin nan shi ne ya zo ya riƙe babbar tawaga ta mutum 15 a New York, da zaurensu na kansu. Mushe ya ce tsohon da kansa yake tura su in ya ga sun ƙosa, ya nemo wasu yaran.

Na ce, "Mushe, ku yi haƙuri, amma wannan zancen Amurka ne. Shi in yaro ya tafi, goma na layi a bakin ƙofa da kayan busarsu. Ni a Maradi kaf, daga Ali Ɗan Sofo har bakin Gulbi, ku nuna mini wani mai jitar. Shekara biyar na yi ina reno."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce wannan kam na kama shi, ba shi da amsa. Har yau ina ganin a nan ni ke da gaskiya, don mai rijiya ɗaya da mai kogi ba su zama ɗaya wurin kyautar ruwa. Amma bai ƙyale ni ba. Ya sa wani faifan, jita ce ke tafiya, mai kaɗawar yana ƙyasta harshe yana waƙa ƙasa-ƙasa, kai ka rantse daga wani ƙauye na kudu aka ɗauko. Ya ce Lionel Loueke ke nan, ɗan Kwatano, nan maƙwabtanmu Benin. Daga gida ya tafi Abijan karatun kiɗa, daga nan Paris, daga nan Boston. A 2001 ya zauna gwaji a gaban Hancock da Shorter da Blanchard, suka ɗauke shi, daga baya Hancock ya sa shi cikin tawagarsa yana zagaya duniya da shi.

"Wani ne ya fara ɗora masa jita a cinya a Kwatano," in ji Mushe. "Da ya karɓe abarsa ranar da yaron zai tafi, kai da ni me za mu ji yanzu?"

Ban ce komai ba. Na sha shayi na uku, na yi sallama. A gida maiɗakina ta ga jita a jingine inda ba a saba ganinta ba, ta dube ta, ta dube ni, ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na kwana ina juyi, rabin zuciyata na cewa jikka 35 ba wasa ba ne, rabi na tuna yadda ya goge wuyanta da hannun riga.

Gari na wayewa na sa ta cikin buhunta, na haɗa da sababbin tsirkiyoyi biyu da nake ɓoyo, na tare kabu-kabu zuwa bakin kasuwa. Ranar Litinin ce, cin kasuwa, sai da muka yi ta kutsawa tsakanin amalanke da buhunan gyaɗa. Na tarar da mahaifinsa ya buɗe shago yana zare a keke. Na gaishe shi, ya amsa bai tsayar da ƙafa ba.

"Baba, Auta na nan?"

"Motar asuba ya bi." Ya ciji zare ya tofar. "Kai ka zo nan sau uku ka ce in ba ka shi amana. To, ina ka kai shi?"

Ina tsaye da jita a kafaɗa, mutane na bangaje ni, sai a lokacin na tuna ranar Asabar muna da bikin ɗiyar wani babban alhaji, kafin alƙalami jikka 40 na riga na karɓa na raba, kuma uwar amarya da bakinta ta ce saboda yaron nan mai jita ta neme mu.

Yadda aka kwashe a bikin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.