Yadda na sauya wa Glock 22 bututu ta koma cin harsashin milimita 9

Bindigar hannu Glock 22 da nake riƙe da lasisinta an ƙera ta ne don harsashin .40 S&W, wanda kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fitar a 1990. 'Yan sandan Amurka sun karɓe shi hannu bibbiyu a lokacin, daga baya kuma da yawansu, har da hukumar FBI, suka koma wa milimita 9. Abin da ya ja ni shi ne milimita 9 ya fi araha, ya fi samuwa, kuma shurinsa bai kai na .40 ba. Mai yawan atisaye a wuyan hannunsa yake jin bambancin.

Aikin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai kamfanonin da ke ƙera bututu na musamman, kaurinsa ta waje daidai da na .40 don ya zauna daram a cikin silaid, wato ƙarfen saman nan mai ja da baya, amma raminsa na milimita 9 ne. Na cire gidan harsashi, na tabbatar da ido da yatsa cewa babu komai a ciki, na kwance ta kamar zan goge, na zare tsohon na zura sabon. Ko sukundireba ban taɓa ba. Bututun asali na Glock 17, wadda aka ƙera don milimita 9, ba zai yi ba, ya fi siriri, lilo zai riƙa yi. Kafin in ja kunama sai da maƙerin bindiga mai lasisi ya duba mini zamansa.

A filin harbi ne na gane cewa bututu kaɗai na sauya, sauran jikin bindigar yana nan da halinsa na .40. Faɗin gindin kwanson .40 ya kusa milimita 10.8, na 9 kuwa bai cika 10 ba. Ƙugiyar da ke fizgo kwanso bayan harbi an yi ta ne don mai faɗin, don haka riƙon da take yi wa ƙaramin sako-sako ne. Kwanson da ya saba fita dama da ƙarfi sai ya riƙa faɗowa duk inda ya ga dama: wani a gefen takalmina, wani ya bugi bakin hulata da zafinsa. Jefi-jefi ɗaya yakan maƙale a tsaye a bakin tagar fitar kwanso, silaid ta danne shi. Harsashi mai sanyin albarushi ya fi jawo haka, domin silaid ɗin .40 ta fi nauyi, tana son turi mai ƙarfi.

Gidan harsashin .40 ma leɓensa ya buɗe da yawa. Yakan yi aiki, amma na ƙarshe-ƙarshen sukan tashi a karkace. Da na koma amfani da na Glock 17, wanda ke shiga ba gardama, matsalar ta ragu sosai. Saiti kuma ya ɗan goce, sai da na sake koyon inda take saukewa.

Wannan sauyi daga babba zuwa ƙarami yake tafiya. Silaid ɗin milimita 9 ba ta da wurin da gindin .40 zai zauna. Sauyi mafi sauƙi shi ne zuwa harsashin .357 SIG na 1994, tunda faɗin gindinsa ɗaya da na .40. Shi kuwa ƙaramin harsashin .22 LR sai an sauya saman bindigar gaba ɗaya, don a gefe ake bugun kwansonsa, ba a tsakiya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubutun jikin silaid. Har yanzu .40 yake cewa, alhali cikin ba haka yake ba. Harsashin .40 ba zai shiga bututun 9 ba, wannan da sauƙi. Haɗarin yana ranar da aka mayar da tsohon bututu aka manta da gidan harsashin 9 a jaka: ƙaramin zai shige, ƙugiya na iya riƙe shi ya tashi, kwanson ya kumbura ya tsage. Shi ya sa nake fita da iri ɗaya tak a rana, na kuma naɗa jan tef a gindin kowane gidan harsashin 9. Bututun nake karantawa, ba silaid ba.

Doka ma ba ɗaya ba ce. A dokar tarayyar Amurka gangar jikin mai ɗauke da lamba ita ce bindiga, amma a Jamus bututu kansa yana cikin sassan da sai an yi musu rajista. Sai mutum ya tambayi hukumar da ta ba shi lasisi kafin ya saya.

Ni dai a atisaye na tsayar da ita. Bindigar da ke maƙale kwanso jefi-jefi ta isa huda takarda, amma idan na tashi ajiye ta, bututunta na asali nake mayar mata.