Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Neman Inda Zan Buga Bayanin Aikinmu na Kwamfuta

A makon da ya gabata na tsaya ne a kan yadda ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta saya mana kwamfutocin tafi-da-gidanka guda huɗu da faifan sola da batir, da yadda muka share ɗakin ajiyar da ke bayan ofishin shugaban makaranta muka mai da shi ɗakin kwamfuta. Yau zan ba da labarin abin da ya biyo baya, wato rubuta bayanin aikin da neman inda za a buga shi, domin wannan ne ɓangaren da malamai masu tasowa suka fi yi mini tambaya a kansa.

Ya kamata mai karatu ya tuna dalilin da ya sa muka shiga aikin tun farko. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa a kan kwamfuta a shekarar 2013, a shekarar 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya. Ɗalibanmu na ajin ƙarshe, waɗanda da yawansu sun san karatunsu sarai, sai su isa cibiyar jarrabawa a birni su zauna gaban na'urar da ba su taɓa sa wa hannu ba. Na ga yarinya mai ƙoƙari a darasin Fiziks ta ɗaga linzamin kwamfuta sama da tebur tana kaɗa shi a iska, tana mamakin dalilin da ya hana kibiyar motsi. Da muka shawo kan wannan matsalar, sai na sa wa kwamfutocin manhajar PhET ta kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya, wadda Jami'ar Kolorado ta Amurka ke bayarwa kyauta tun da masanin Fiziks Carl Wieman ya kafa shirin a shekarar 2002, kuma ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. A cikinta yara ke haɗa waya da batir da ƙwan lantarki a kan allon kwamfuta. Ranar da wani yaro ya haɗa baki biyu na batir da waya kai tsaye, batirin ya kama da wuta a cikin hoton, ajin ya kaure da ihu, kuma daga ranar ban sake shan wahalar bayyana musu haɗarin gajeriyar hanyar lantarki ba.

Duk abin da ya faru a ɗakin ina rubuta shi a wani littafi mai kauri da nake ajiyewa a aljihun tebur: yadda na raba aji mai ɗalibai sama da saba'in zuwa rukuni-rukuni, lokacin da batir ke ƙarewa idan hadari ya rufe rana, yadda ƙurar hunturu ke toshe madannai, kuɗin da muka kashe a kan kowane abu, da makin gwajin da na yi wa yara kafin darasi da bayansa. Bayan zango da dama littafin ya cika, na ga cewa abin da ke cikinsa zai rage wa wani malami wahala. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne, lokacin da muke shirin farawa na nemi bayani a kan shirin ba kowane yaro kwamfuta da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a shekarar 2007, sai na tarar mafi yawan abin da ya zo hannuna 'yan jarida da baƙi masu ziyara ne suka rubuta shi. Na so ƙwarai in ji daga bakin malamin da ya tsaya gaban yaran kullum, ban samu ba.

Na rubuta maƙalar da Turanci, na aika wa mujallar wata kwalejin ilimi. Bayan dogon jira amsa ta zo cewa ba za a iya bugawa ba, saboda babu bitar ayyukan da suka gabata, babu hasashen bincike, kuma ba a auna bambancin makin da hanyoyin ƙididdiga ba. A tsakanin nan wasu saƙonni suka fara shigowa akwatina na imel daga wata mujalla mai dogon suna da ke cewa ta ƙasa da ƙasa ce, tana yi mini alkawarin bugawa cikin mako guda idan na biya kuɗin da ya haura rabin albashina. Ban san yadda zan auna lamarin ba, don haka na ɗauki takarduna na nufi gidan tsohon malamina wanda ya koyar da ni a kwaleji, wanda a lokacin ya riga ya yi ritaya.

Na same shi a zaure bayan sallar la'asar. Da muka gaisa na ce, “Allah ya gafarta malam, na zo da wata matsala ce da ta fi ƙarfina.” Ya karɓi takardun ya sa tabarau, ya karanta su tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya ce uffan ba. Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da tarin mujallu, wasunsu ko ledar da aka naɗe su da ita ba a yage ba, ya ajiye a gabana.

“Ɗana,” ya ce, “waɗanda suka mayar maka da takardarka ba su zalunce ka ba. Mujallarsu ta malaman manyan makarantu ce, waɗanda ba a yi musu ƙarin girma sai sun nuna abin da suka buga, don haka aka tsara ta a kan ƙa'idar bincike. Kai kuwa ƙarin girmanka na sakandare bai rataya a kan wannan ba. Abin da ka rubuta rahoton aiki ne daga cikin aji, kuma rahoton aiki yana da nasa wuraren. Ka fara yanke shawarar wanda kake so ya karanta, sannan ka zaɓi ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.”

A kan mujallar da ke neman kuɗi kuwa, bai ɗauki lokaci ba. Ya ce duk mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda ba ta ba kowa ya duba aikin ba, domin tantancewa ta gaskiya tana ɗaukar watanni. Ya ba ni labarin wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka mai suna Jeffrey Beall, wanda ya daɗe yana tattara sunayen irin waɗannan mujallu har ya rufe jerin nasa a farkon shekarar 2017. Ya koya mini in duba ko sunan mujalla yana cikin rumbun AJOL, wanda ke tattara mujallun Afirka tun shekarar 1998, ko cikin kundin DOAJ da aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a shekarar 2003, in kuma nemi sunayen editocinta in tabbatar mutane ne da aka sani a wuraren aikinsu. Ya ƙara da cewa lambar ISSN, wadda a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, lambar rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba ce. Ya kuma yi adalci, ya ce akwai mujallu na gaskiya da ke karɓar kuɗin ɗab'i, amma sai bayan an tantance aiki an karɓe shi, kuma suna bayyana adadin a fili. Lallai da ɗan gari akan ci gari, domin da ban je wurinsa ba da ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ƙofar farko da ya nuna mini ita ce ta ƙungiyoyin malamai na darussa. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, wadda aka fi sani da STAN, an kafa ta tun shekarar 1957, tana da rassa a jihohi, tana da mujallarta, kuma tana buga kundin maƙalun da aka gabatar a taronta na shekara-shekara. Malaman lissafi su ma suna da tasu ƙungiyar, MAN, mai mujallar da ake kira Abacus. A ganina nan ne wurin da ya fi dacewa malamin sakandare ya fara, saboda mutanen da ke zaune a zauren taron su ma da alli a hannunsu suke kwana suke tashi. Na fara gabatar da aikin a wani taron bita na reshen jiharmu, kuma tambayoyin da aka yi mini a ranar sun fi duk wata gyara da na taɓa samu amfani. Wata malama ta tambaye ni abin da sauran ɗalibai sittin da ɗoriya ke yi yayin da rukuni ɗaya ke gaban kwamfuta. Wani ya tambayi wanda ke riƙe mabuɗin ɗakin lokacin hutu. Wani dattijo kuma ya ce in faɗa masa gaskiya, ko makin yaran ya ƙaru ne saboda manhajar, ko saboda ni da kaina na ƙara himma tun da aikin nawa ne. Wannan tambayar ta dattijon ita ce ta fi nauyi, kuma a cikin sabon rubutun na bayyana ƙarara cewa aji ɗaya a makaranta ɗaya ba zai iya raba waɗannan dalilai biyu ba. Bayan na shigar da amsoshin, maƙalar ta samu shiga kundin taro.

Akwai ƙofofi na waje, kuma ba na son malamin sakandare ya ɗauka an rufe masa su. Mujallar IJEDICT, wadda Jami'ar West Indies ta fara fitarwa a shekarar 2005, ta keɓanta ne ga amfani da fasahar sadarwa wajen ilimi da raya ƙasa, ana karanta ta kyauta, kuma baya ga maƙalun bincike tana ba da fili ga rahotannin da suka fito daga fagen aiki. Taron eLearning Africa, wanda aka fara a Adis Ababa a shekarar 2006, yana zagaya ƙasashen nahiyar yana karɓar bayanan ayyuka, sai dai kuɗin tafiya da na rajista sun fi ƙarfin albashin malami idan babu mai ɗaukar nauyi. A Amurka akwai ƙungiyar ISTE ta masu koyarwa da fasahar zamani da kuma shafin intanet na Edutopia, waɗanda ke buga gajerun rubuce-rubucen malaman aji, amma mai rubuta musu sai ya yi dogon bayanin yanayinmu, domin masu karatunsu ba su san makarantar da wutar lantarki ba ta taɓa shiga ba. Manyan mujallun bincike irin su British Journal of Educational Technology kuwa, hanyar shigarsu ga irinmu ita ce haɗa hannu da malamin jami'a wanda ya san ƙa'idar bincike, bisa sharaɗin a rubuta yarjejeniya tun farko cewa sunan malamin aji zai fito cikin marubuta. Na san abokan aiki da suka ba da littattafan bayanansu na shekaru, daga baya suka ga sunansu a layin godiya kawai, kuma wannan abu yana yi mini ciwo har yau.

Wani abu da malamina ya ja mini kunne a kansa, wanda nake maimaita wa duk wanda ya zo wurina, shi ne haƙƙin yara. Kafin in aika da rubutun ko'ina na nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, na cire sunayen ɗalibai daga teburin maki, hotunan da na sa kuwa na hannaye ne da allon kwamfuta, babu fuskar kowa. Iyayen da suka amince 'ya'yansu mata su tsaya bayan tashi don koyon kwamfuta amana suka ba ni, kuma ba a gina suna a kan amanar mutane.

Duk da haka raina bai kwanta ba, domin kundin taro yana isa ne ga waɗanda suka halarci taro, alhali malamin da na fi so ya karanta yana can a makarantar ƙauye, ba shi da kuɗin mota zuwa taron ƙasa. Saboda shi na zauna na sake rubuta aikin da Hausa, ba fassara ba, sabon rubutu ne mai bin abin da zai tambaya: nawa za a kashe, wane girman faifan sola zai ɗauki kwamfuta huɗu, ta yaya za a sauke manhaja a birni a kawo ta cikin filashi, me za a yi idan allo ya ƙi kawo haske. Jaridun Hausa irin su Aminiya da Leadership Hausa suna da shafukan ra'ayi da wasiƙu, gidajen rediyon jihohi kuma suna da shirye-shiryen ilimi da ke neman baƙi. Babu kwamitin da zai ƙirga wa mutum irin wannan rubutu a matsayin bincike, amma a nan na ga amfanin aikin da idona. Wata jaridar Hausa ta buga shi kashi biyu, bayan edita ya rage tsawonsa ya kuma roƙe ni in sauƙaƙa wasu kalmomi.

Ba a daɗe ba edita ya fara turo mini saƙonnin masu karatu. Wani shugaban makarantar firamare ya nemi in ba shi jerin kayan da za su saya da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Wata malama ta rubuto tana gyara mini lissafin batir, ta nuna cewa idan ana barin batiri ya ƙare ƙarƙaf kullum ba zai yi ƙarko ba, kuma na shigar da gyaranta a cikin kwafin da nake raba wa malamai. Saƙon da ban yi tsammani ba ya zo ne daga wani malamin kimiyya a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, wanda wani ɗan kasuwa ya kai masa jaridar. Ya tambaya ko manhajar za ta yi wa ɗalibansa amfani tun da da Faransanci suke karatu, na amsa masa cewa an fassara ta zuwa Faransanci, na kuma kwatanta masa yadda zai zaɓi harshen kafin ya sauke. Mun ci gaba da musayar saƙo da Hausa, shi yana kawo kalmomin fasaha na Faransanci, ni ina kawo na Turanci, har muka daidaita a kan abin da yara za su gane a ɓangarorin biyu.

Muna cikin shirin haɗa bayanansa da nawa mu fitar da ɗan littafi guda don malamai, sai annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na shekarar 2020, aka kuma kira ni cikin waɗanda za su gabatar da darussa ta rediyo. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda na koyar da Fiziks ga ɗaliban da ba na gani.