Kwana uku a rairayin Glamis

A ƙarshen watan Nuwamba, lokacin hutun Godiya na Amurka, ni da wani abokin aikina muka yi hayar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, muka nufi Glamis a kudu maso gabashin Kalifoniya. Tuddan rairayin wurin, waɗanda ake kira Algodones, sun miƙe sama da kilomita 60 har suka tsallaka iyakar Meksiko, kuma wasunsu sun kai tsayin mita 90. Hukumar kula da filaye ta gwamnatin tarayya, BLM, ce ke riƙe da su, kuma sai da takardar izini ake yada zango a lokacin sanyi.

Kuskurena na farko tun kafin mu sauke kaya na yi shi. Da muka bar babbar hanya mai lamba 78 muka shiga Titin Gecko, na hango fili babu kowa, sai na sauka daga kwalta ba tare da na taka ƙasar da ƙafata ba. Nan take tayoyin baya suka kafe, kuma duk lokacin da na ƙara wuta sai motar ta ƙara nutsewa. Wani dattijo daga zangon da ke kusa ya zo da shebur da ma'aunin iska, ya rage iskar tayoyin sosai domin su yi faɗi su hau bisa yashin, sannan ya ja mu da akori-kurarsa. Abin kunyar shi ne na sha ganin direbobin Agadez suna yin haka, amma ban taɓa tambayar dalili ba.

A zangon babu famfo, babu wutar lantarki, saboda haka ruwan da ke cikin tanki shi ne na sha da alwala da wanke-wanke, kuma namu ya kusa ƙarewa a rana ta biyu domin mun yi wanka kamar muna gida.

Mutanen wurin kuwa suna jera motocinsu a da'ira, su hura wuta a tsakiya, da yamma su ɗunguma zuwa wani tudun yashi da ake kira Oldsmobile domin tseren hawa da motoci. Doka ta wajabta wa kowace motar hawan yashi doguwar sanda mai tuta ja ko mai launin ruwan lemo, wadda da farko na ɗauka ado ce. Sai da dattijon ya ɗauke ni a tasa na gane amfaninta: gab da ƙololuwar wani tudu muka ga tuta tana tahowa ta ɗaya gefen, ya karkata sitiyari, sannan motar da ke ɗauke da ita ta bayyana daidai inda muka nufa.

Ƙarar injuna da janareta ba ta bar ni na yi barcin kirki ba, kuma hakan ne ya fi damuna. Bayan sallar asuba kaɗai wurin ke yin tsit, kuma a lokacin nake tsallaka babbar hanyar da ƙafa zuwa ɓangaren arewa na tuddan, inda aka haramta shigar mota.