Daga Kano zuwa Daura a kan keken alminiyam

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, hanyar Daura kuwa arewa ta miƙe daga Kano. Duk wanda ya hau keke ya nufi can a watan Janairu, a ƙirji zai riƙa karɓar iskar tun daga shatale-talen Dawanau har ya shiga gari, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka. Da gangan na zaɓi wannan hanya da wannan lokaci. Na kashe wa kekena 'yan kuɗi, ina so in ga ko sun tafi inda ya dace, kuma zagayen da muke yi da abokai a cikin gari da safiyar Asabar ba zai nuna mini hakan ba.

Keken ɗan gwanjo ne, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Firam ɗinsa alminiyam ne, an buga lamba 6061 a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, cokalin gaba kuma na kabon, wani haɗin zare mai ƙarfi mara nauyi. Fenti ya koɗe a wurare. Giyarsa takwas ce a baya, ƙirar Shimano Claris, wadda ita ce matakin ƙasa a jerin kayan tseren kamfanin, kafin a hau Sora, Tiagra, 105, Ultegra, har a kai Dura-Ace da 'yan gasa ke hawa. Abokan hawana sun sha ce mini in daina wahalar da kaina, in tara kuɗi in sayi na kabon gaba ɗaya. Na je na taya. Kuɗin da aka faɗa mini ya isa sayen babur sabo fil, sai na yi godiya na dawo gida.

Taya na fara canzawa. Waɗanda suka zo da keken sirara ne, masu faɗin milimita 23, sun bushe sun yi tauri, kuma irinsu sai an cika musu iska ta haura 100 a ma'auni. A kan kwaltarmu, in ka hau su, ji kake kamar an zaunar da kai a kan injin markaɗe. Na sa masu milimita 28, bayan na tabbatar ba za su gogi birki ba, domin tsofaffin kekunan tsere da yawa ba su da wannan sarari. Iskarsu tsakanin 75 da 80 take isata. Mutane suna yawan ɗora wa alminiyam laifin girgiza, su ce ƙarfe ne mai taurin kai. Ni dai a ganina rabin wannan laifi na taya ne, domin ita ce ke lotsawa ta shanye ramuka, firam kowane iri ne ɗan abin da yake lanƙwasawa bai taka kara ya karya ba.

Sauran aikin a rumfar wani dattijo mai gyaran keke aka yi shi. Shekarunsa a kan Rale da Fonis ya ƙarar da su, tun zamanin da ake haɗa Rale a nan Kano, amma hannunsa ya san wili ko na wane irin keke ne. Ya kwance duka biyun, ya zuba sabon boris da giris, ya bi sipok 32 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har wilin ya daina rawa. Muka canza wayoyin birki da robobinsa. Haƙoran baya da suka zo da keken sun tsaya ne a 25, na sa waɗanda suka tashi daga 11 zuwa 32, wanda hakan ya sa dole aka sauya abin canza giya da mai dogon hannu. Sirdi ma na sauya, muka daidaita tsayinsa yadda gwiwa za ta ɗan rage lanƙwasa kaɗan in feda ta kai ƙasa.

Giya takwas ɗin kuwa na bar ta yadda take. Cen ɗin giya takwas ana samunsa a kasuwa, yana da kauri, yana jure ƙura. Na giya goma sha ɗaya siriri ne, ga tsada, in ya tsinke maka a ƙauye sai dai ka tari mota.

Ranar da na je ɗauka, dattijon ya bi wuraren walda da ɗan yatsa, ya ce, “Ɗana, ka riƙa duba nan da nan. In ka ga tsaga ko kamar gashi ce, ka sauka. Kuma kada ka kai wa mai waldan ƙofa.”

“Baba, ko mai waldan alminiyam?”

“Zai liƙe maka, ya yi kyau a ido. Amma wurin ya mutu.”

Gaskiyarsa. Irin wannan alminiyam, da ake gauraya shi da maganiziyam da silikon, bayan an yi masa walda a masana'anta sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya a tanderu kafin ƙarfinsa ya dawo. Wutar walda tana sassauta gefen da ta taɓa, kuma babu mai wannan tanderu a bakin titi. A nan tsohon keken baƙin ƙarfe ya fi shi, domin shi ko a ina ya karye ana ɗinke shi a ci gaba da tafiya.

Bayan sallar Asuba na shirya, amma ban fita ba sai da gari ya fara wayewa, saboda hazo. Jar fitila a baya, hular kwano, gorunan ruwa biyu, tib biyu, famfon hannu, kayan faci, dabino a aljihun riga. Dawanau ta riga ta tashi. Tireloli sun jeru ana loda riɗi da zoɓo da waken suya, 'yan dako suna gudu da buhu a ka, masu adaidaita sahu suna kutsawa ta duk inda suka ga rata. Nan ne wurin da ya fi ko'ina haɗari ga mai keke a duk tafiyar, kuma ban saki birki ba sai da na bar kasuwar a baya.

A lokacin ana aikin mayar da hanyar tagwaye har zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar. Inda aka gama, kwalta ce sumul, sai dai ka ji ƙarar taya tana zuuu. Inda ba a gama ba, a karkatar da kai kan jar ƙasa da tsakuwa, ka bi bayan ƙurar tifa. A irin wurin nan na fara gode wa tayoyin. Keken yana tsalle, amma bai zame ba, kuma hannuna bai yi sanyin nan da yake yi a da ba. Jefi-jefi kuma kana hango tudun ƙasa da gadoji na layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, kilomita 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kusan tare muke tafiya da shi.

A Dambatta na tsaya wurin mai shayi. Kafin a soya mini ƙwai yara sun kewaye keken, ba mai taɓawa, kowa sai nuna abin canza giya yake yi yana yi wa ɗan'uwansa bayani. Wani tsoho ya iso da Rale baƙa, kariyarta ɗaure da dauren karan dawa. Ya jingine ta, ya yi sallama, ya tsaya yana kallo.

“Malam, in ɗaga?”

“Bismilla, Baba.”

Ya sa hannu biyu ya yunƙura, keken ya tashi sama fiye da yadda ya yi niyya, har ya ɗan ja baya. Aka kwashe da dariya, har da shi.

“Ikon Allah. Ga bututu ƙato, ashe ba komai a ciki. To ina kake ɗora kaya?”

Na ce ba a ɗora masa kaya.

“Iyali fa?”

“Su ma ba a ɗaukarsu.”

Ya jinjina kai, ya ce, “To, Allah ya sa a sauka lafiya,” da muryar wanda ya gama yanke hukunci a zuciyarsa.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne duk sirrin keken. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, gutsuren da zai yi giram 2.7 in na alminiyam ne, zai yi 7.8 in na ƙarfe ne, amma kuma saurin lanƙwasawarsa ya ninka na ƙarfe kusan sau uku. Dabarar masu ƙira ita ce su faɗaɗa bututun su sirance bangonsa, domin bututu mai faɗi yana da wuyar tanƙwarawa. Shi ya sa nawa bai kai kilo 10 ba, nasa kuwa ya doshi 20 ko ba kaya. Kuma ba keken talakan tsere ba ne tun asali. A kan keken alminiyam ƙirar Bianchi ne ɗan tseren keke Marco Pantani ya cinye gasar zagayen Faransa a 1998. Daga shekarar da ta biyo baya kabon ya karɓe gasar, 'yan kasuwa kuma suka shiga gaya mana cewa wanda aka ci gasa da shi jiya yau na masu koyo ne.

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Ka bar jihar Kano ka shiga Jigawa, sai duwatsun Kazaure su fara leƙowa ta cikin hazo, jajaye-jajaye, ba su da tsawo sosai amma sun isa su tuna wa mutumin Kano cewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya tashi. Na ratse na shiga gari don in ga madatsar ruwa. Hawan da ke wajen gajere ne amma a tsaye yake, kuma a nan haƙoran nan 32 suka biya kuɗinsu. Na sauke cen kan ƙaramin faranti mai 34 a gaba, na hau a zaune ina juya ƙafa, ban miƙe a kan feda ba. Ruwan ya kwanta a tsakanin duwatsu, masu lambu sun kewaye gefensa da albasa da tumatir, koren ya yi shar a tsakiyar rani.

Da na fito daga sallar Azahar sai na tarar da tayar baya a ƙasa. Tsidau ne. Ya cika gefen hanya a wannan yanki, ƙwayarsa in ta bushe duk yadda ta faɗi akwai ƙaya ɗaya da ke kallon sama. Na cire wili na zare ƙayar, na sa sabon tib, na tura wurin mai faci don in huta da bugun famfon hannu. Ya duba bakin tib ɗin, siririn nan na kekunan tsere, ya ce, “Yallaɓai, injina ba ya shan wannan.” Na ciro ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kai ya koma irin na mota. Ya juya shi a tafin hannu, ya tambayi inda ake sayarwa. Duk mai irin wannan keke da zai bar gari, ya sa ɗan ƙarfen nan a aljihu. Sai dai ka tsaya a kan mai facin, domin tayar keke ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu a bakin kwamfaresa ta cika.

Tsakanin Kazaure da Daura ne iska ta nuna mini ko ita wace ce. Fili ya buɗe, an girbe gero da dawa, babu abin da zai tare ta sai kukoki da suka zubar da ganye, da gawo wanda shi sai da rani yake yin kore, da goruba nan da can. Na kama ƙasan kan keken na sunkuya, na rage giya, na daina kallon agogon gudu don ba ya faɗa mini abin da nake son ji. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, ruwan gora ya koma ɗanɗanon ƙura. A irin wannan wuri keken miliyoyi da na gwanjo duk ɗaya ne, domin yawancin abin da iska ke turewa jikin mahayi ne. Abin da ya taimake ni shi ne sirdin da bai cije ni ba, da zaman da aka daidaita, har na iya daɗewa a sunkuye ba tare da baya ya ƙage ba. Wata Bafulatana a gindin bishiya ta dama mini fura da nono, ta tambaye ni ko tsere muke yi, ina sauran. Na ce ni kaɗai ne. Ta ƙara mini ludayi biyu ba ta karɓi kuɗinsu ba.

Bayan La'asar na shiga Daura, ƙafafu suna rawa. Ban nemi masauki ba sai da na biya rijiyar Kusugu. An gina mata ɗaki an kewaye ta, mai kula da wurin ya ba ni labarin da kowane ɗan firamare ya sani, na macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya kashe shi, da sarauniya Daurama. Ya zura guga ya jawo, na sha, na wanke fuska, na cika gora ɗaya. Ya ce Bayajida a kan doki ya zo, ni kuma ga abin da na zo a kai, ya tambaya ko za a kai keken fada a nuna. Na ce a bar shi, bai kashe komai ba.

Da dare a masauki na wanke cen da kananzir, domin ƙurar hanya ta haɗu da mai ta zama baƙin ƙulli mai cin haƙora. Na shafa masa mai kaɗan na goge. Man inji da ake ɗura wa cen a bakin titi shi ne ke jawo wannan, gara ɗan siririn mai a goge saura. Na haska fitilar waya na bi wuraren walda, ƙarƙashin wuya, gindin feda, bayan sirdi. Lafiya lau. Na zare sandar sirdi na shafa mata giris, don alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe amma gumi yana sa shi ya yi farin gari ya kame.

Komowa kuwa wata tafiya ce daban. Iskar da ta wahalar da ni ta koma bayana. Tun daga fitowa gari na ɗora cen a babban faranti mai 50, a baya na yi ta sauka har na kai ƙaramin haƙori mai 11, wanda tun da na sa shi bai taɓa yin baƙi ba. Agogo ya riƙa nuna 38, 40, ni kuwa ko haki ba na yi. Kafin Kazaure na cim ma wata a-kori-kura da ta sha lodin buhunan gero tana tafiya da ƙyar. Na bi ta gefe na wuce. Yaron motar da ke zaune a saman kaya ya miƙe tsaye yana ihu, “Oga, taka mana! Keke ya wuce mu!”