Yadda ya kamata a auna jawabin ɗalibi a gaban aji

A makarantun sakandare na karkara, irin wadda nake koyarwa a cikinta a ƙasar Ringim, malami kan tsayar da ɗalibi a gaban aji ya yi bayanin darasi, idan ya kammala sai a ba shi maki. Abin da ke damuna shi ne, idan aka tambayi malamin dalilin bai wa wancan takwas, wannan kuma huɗu, da wuya ya faɗi abin da ya wuce cewa wancan "ya fi iya magana". Makin nan kuwa yana shiga cikin gwajin da ake tarawa a tsawon zangon karatu, wanda manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanada, saboda haka hakkin yaro ne da ke wuyan malami.

Iya maganar da muke yabawa, idan aka duba da kyau, ƙarfin murya ne da santsin Turanci da rashin jin nauyin jama'a. Yaron da ya yi firamare a Kano ko Dutse yakan zo da waɗannan, ɗan ƙauye kuwa, wanda ya san yadda ambaliyar kogin Haɗeja ke cinye gonar shinkafa domin a gonar mahaifinsa ya gani, sai ya tsaya yana in'ina saboda kalmomin Turancin sun ɓace masa. Lamarin 'yan mata ya fi tsanani. Takardun ƙa'idojin ba da maki da ake kwafowa daga littattafai suna ware maki ga kallon masu sauraro ido cikin ido, alhali yarinyar an tarbiyyantar da ita tun tana ƙarama cewa ƙura wa babba ido rashin kunya ne. Ba na ganin adalci a rage mata maki saboda ladabin da iyayenta suka koya mata. Abin da nake dubawa shi ne ko muryarta ta isa bencin baya.

Jarrabawar ƙarshe ma ba ta taimaka mana ba, domin takarda ta uku ta Turanci a WAEC, wadda ake cewa ta furuci, tambayoyi 60 ne na zaɓi, ɗalibi yana amsa su bai buɗe baki ba. Ajin nan ne kaɗai wurin da za a saurare shi.

Muna da abin koyi a gida. A musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa a matakin ƙasa tun 1986, alƙalai ba sa dunƙule hukunci wuri guda: hadda da makinta, tajwidi da nasa, sauti ma haka, don haka daɗin murya ba ya rufe kuskuren hadda. Haka nake raba maki 20: takwas ga ingancin abin da ɗalibi ya faɗa, huɗu ga yadda ya jera bayanin, biyar ga amsar tambaya, uku ga murya da harshe. A darasin Turanci kason harshe zai ƙaru, amma a darasin aikin gona ko tarihi ban ga dalilin da nahawu zai rinjayi sani ba.

Tambayar da ke biyo bayan jawabi ita ce ginshiƙi a wurina. Yaranmu sun saba da hadda, yaro zai iya haddace shafi guda ya zubo shi ba gargada, alhali bai fahimci komai a ciki ba. Tambaya ɗaya wadda ba ta cikin abin da aka rubuta masa ta isa ta bambanta mai hadda da mai fahimta, kuma idan Turanci ya tsaya masa nakan bar shi ya amsa da Hausa.

Yawan ɗalibai matsala ce ta gaske, domin darasin minti 40 ba zai ɗauki aji guda ba. Nakan ɗauki kaɗan a kowane mako, kowa minti uku, na rubuta makin kafin na gaba ya miƙe. Rabon makin kuma yana rubuce a allo tun kafin ranar jawabi, domin kowane yaro ya san abin da za a auna shi a kai tun yana shiri a gida.