Gwajin Bakkale: Sai Na Gwada Sinadarin Kafin Na Gwada Saniya

Duk makiyayin da saniyarsa ta yi ɓari a wata na bakwai ko na takwas, ko ya ga gwiwar bijiminsa ta kumbura, bakkale yake fara zargi. Wannan ciwo, wanda likitocin dabbobi ke kira burusela, shi ya fi kawo mana aiki a ɗan ɗakin gwajinmu na Zariya, kuma da yake mutum ma yana kamuwa da shi ta ɗanyar madara, ba ma yi masa riƙon sakainar kashi.

Da gwajin Rose Bengal muke farawa. Mukan ɗebi jini a jijiyar wuya, mu bar shi ya daskare har ruwansa ya taso, mu haɗa ɗigo guda da ɗigon sinadari mai ruwan hoda a kan farin tayil, mu riƙa jujjuyawa har minti 4. Dattijon da ya koya mini aikin yakan tsayar da ni a bakin taga, domin ƙananan gudajin da ke nuna ciwo ba su fita sosai a hasken fitila, kuma na shafe watanni kafin ya amince da idona.

Daga wurinsa na gaji ajiye ruwan jinin shanun da aka tabbatar suna da ciwon, da na waɗanda aka tabbatar lafiyarsu ƙalau. Kowace sabuwar kwalbar sinadari sai ta bi ta kansu, in ga ko tana kama mai ciwo, in kuma ga ko tana yi wa mai lafiya ƙazafi. Sau biyu ina mayar wa wani dillali kayansa, saboda abin da ya kamata ya zauna cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ya kwana a bayan mota cikin zafin bazara.

Ko sinadarin yana da kyau, Rose Bengal yakan nuna ciwo a saniyar da aka yi wa rigakafin bakkale mai suna S19, ko da ba ta da ciwon. Shi ya sa duk wanda ya nuna, sai mun sake bin sa da wani gwajin jini mai suna ELISA, mai rikitarwa kuma mu tura cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. A ɗakin gwajinmu ana yawan taya mana aiki kamar ana cinikin akuya, wai ga masu yawo ruga-ruga suna yi a rabin kuɗi, alhali ko akwatin ƙanƙara ba su ɗauka. A bara na sake gwada shanu 12 da irin waɗannan suka yanke wa hukuncin wuƙa, uku kaɗai ke da ciwon.