Abin da batir ya koya mini a aikin haɗa sauti

Aikina bin mawaƙa wajen biki, ina haɗa musu makirfo da mikisa da akwatin eko. Duk wanda ya san mawaƙanmu ya san eko ba ado ba ne a wurinsu. Idan muryar ta fita gaya, ba ta dawowa, sai ka ga mawaƙi yana waiwayenka yana haɗe rai. Matsalar ita ce yawancin wuraren da muke zuwa babu wuta, janareta kuma da ya yi tari sai akwatin ya mutu, ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya farfaɗo, ana tsakiyar baiti. Wannan ya sa na ƙudura sai na raba kayan gyaran murya da janareta, na mai da su kan batir.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce batirin mota mai bolt 12 da inbata mai araha, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta soket. Komai ya kama, fitilu suka kawo, amma da na ɗaga sauti sai ga wani ƙugi a lasifika kamar an saki ƙudan zuma. Na canza waya, na canza makirfo, yana nan. Daga baya na gane dalili. Wutar soket bolt 230 ce, tana kai da komo a hankali sau 50 a daƙiƙa, ita kuwa ƙaramar inbata hawa-hawa take fitar da tata, da kusurwoyi, kuma waɗannan kusurwoyin ne ke kutsawa cikin sauti. Kwan fitila ba ruwansa, kunne ne ba ya yafewa.

Maigidana ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Kai yaro, juya akwatin nan ka karanta bayansa." Na juya. An rubuta 9V DC, 300mA. Ashe shi ba wutar soket yake ci ba, bolt 9 kawai yake so, na DC, wato wuta irin ta batir wadda ba ta kai da komo. Ni kuma na ɗauki 12 na hau da ita 230, adafta ta sake sauko da ita 9, kamar mai zuwa Zariya daga Kano ya bi ta Sakkwato. Kowane juyi akwai asarar caji, akwai ƙarin ƙara. Na sayi ɗan ƙaramin allo mai rage wuta daga 12 zuwa 9, ƙugin ya tafi.

A nan ne na yi ɓarnar da har yau take ci mini rai. Wani mai jita ya ba ni na'urarsa ta takawa da ƙafa in jona masa. Ban duba ɗan zanen da ke gefen ramin shigar wutar ba. Irin waɗannan na'urori, na kamfanin Boss da yawancin masu bin tsarinsu, tsakiyar bakin filogin ne mai alamar ragi, akasin adaftocin da muka saba da su a gida. Na juya wayoyin. Wani ɗan ƙauri ya tashi, siririn hayaƙi ya fito ta gefen maɓalli. Mutumin bai ce mini komai ba, ya ɗauki abinsa yana jujjuyawa a hannu, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa. Na biya kuɗin gyara, amma ranar haka ya yi wasa babu ita. Tun daga nan ba na jona komai sai na ɗora mita a bakin waya na ga inda alamar ta faɗa.

Akwai kuma waɗanda batir kai tsaye ba ya yi musu ko da lambar ta dace. Tsofaffin akwatunan eko na kamfanin Alesis irin su Nanoverb 9V AC suke so, wato wuta mai kai da komo irin ta soket, domin daga wutar mai kai da komo suke samar da ɓangarorin wuta biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ragi, da suke aiki da su a ciki. Waɗannan sai inbata, kuma mai fitar da wuta sumul, komai tsadarta.

Lissafi ma sai da na koya. Ƙaramin batirin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, mai 12V 7Ah yana ɗauke da wat 84 na awa ɗaya, amma irin wannan batir na darma idan kana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba ya daɗewa. Rabin nake ƙirgawa. Na'urorin dijital kuma sun fi na da cin wuta nesa ba kusa ba, kuma ba sa sallama. Na da, muryarsu kan dusashe a hankali ka ankara, su kuwa ɗif suke ɗaukewa. Fawa bank ma na gwada, sai na tarar wasu suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai.

Yanzu daren biki nake caji, da safe in auna, in ban ga bolt 12.6 ko sama ba in ɗauki na biyu. Na sa fiyus dab da kan batirin, don na taɓa ganin waya ta yi ja a cikin jaka. Amfilifaya na nan kan janareta, ta fi ƙarfin batirina. Makon jiya a wajen wani kamu, amshi ya tsaya, mawaƙiyar ta ja numfashi, na kasa kunne a lasifika, ban ji komai ba sai wutsiyar ekon tana lafawa.